Haƙƙin Inuwa

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Maraɗi ko na Damagaram da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu zai ga wani abu wanda sabo ne kawai ya hana a yi mamakinsa. Gidaje ne sababbi, na bulo da siminti, rufin kwano yana ƙyalli, amma mutanen da aka gina su dominsu duk suna waje. Mata sun shimfiɗa tabarma a gindin katanga, inda ƴar inuwar da ta rage ba ta fi kamu biyu ba. An kwantar da jinjiri an rufa masa jiƙaƙƙen zane, tsohuwa ta jingina da randa tana fifita. Ɗaki yana nan a buɗe, da gado da katifa da kwanukan jere, ba kowa a ciki. Ƙarshen wata za a biya kuɗin haya cif, alhali tun daga hantsi har bayan isha'i rana ce take zaune a ɗakin.

Idan aka yi maganar zafi akan ce ikon Allah ne, kuma haka ne. Bazara ba aikin kowa ba ce. A Yamai da Tawa ma'aunin zafi yakan haura 40 kusan kowace rana a Afrilu da Mayu, wani lokaci ya taɓa 45. Sai dai zafin da ke cikin ɗaki ba dukansa ne ya sauko daga sama kai tsaye ba. Wani sashe nasa mutum ne ya zaɓe shi, ranar da ya tsaya a fili tare da magini ya ce ga inda gini zai fuskanta, ga kaurin bango, ga abin da za a rufa. Sau da yawa kuma wanda ya yi zaɓin ba shi ne zai kwana a ciki ba. A nan ne zancen ya wuce fasahar magina ya zama zancen haƙƙi: shin wanda ya gina ɗakin da wani zai zauna, akwai nauyin inuwar wannan mutum a wuyansa?

Kafin a amsa, ya kamata a san tafiyar ranar kanta, domin ba ta da ɓoyo. Garuruwan kudancin Nijar suna tsakanin daraja 13 da 15 arewa da tsakiyar duniya. A irin wannan wuri rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma ta karkata kudu, har a watan Disamba inuwar mutum ta miƙe sosai ko da tsakar rana. Abin da wannan ke nufi ga mai gini a fili yake. Rufi shi ke shan mafi yawan duka, musamman a bazara. Bangon arewa da na kudu ranar sama suke samu, wadda ƴar rumfa ko leɓen rufi ke iya tarewa. Bangon gabas da na yamma kuwa rana tana kallonsu ido da ido, da safe da maraice, kuma na yamma ya fi wahala, domin yana karɓar rana a lokacin da iska da ƙasa suka riga suka gasu. Saboda haka dogon gini wanda ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ya ba rana gajerun ɓangarorinsa, ya fi wanda ya ba ta faɗinsa sauƙin zama. Iska ma tana da hanyoyinta: hunturu daga arewa maso gabas da ƙurarsa, iskar damina mai laima daga kudu maso yamma, hadari kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke rigan sauran zaizayewa.

Maginan da suka ɗora gidajen Birni a Damagaram da na tsohon garin Agadas ba su da na'urar auna daraja, amma sun san wannan duka da ido da fata. Sun yi bango mai kauri da tubali da laka, mai faɗi daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Irin wannan bango ba ya hana zafi shiga, jinkirta shi yake yi. Zafin da ya bugi bayansa da hantsi sai ya ɗauki sa'o'i yana ratsawa, ba zai iso ciki ba sai dare ya yi. Rufin azara da ƙasa, ko ɗaurin guga mai tsawo, haka yake aiki, ga kuma sarari a sama inda iska mai zafi ke taruwa nesa da kan mutum. Tagogi ƙanana ne kuma a sama. Lunguna matsattsu ne masu lanƙwasa, katangar wannan tana yi wa ƙofar wancan inuwa, ta yadda mai tafiya daga ƙofar fada zuwa masallaci zai iya yin rabin tafiyarsa ba tare da rana ta taɓa ƙeyarsa ba.

Akwai wani abu da masu yabon ginin laka kan tsallake, kuma shi ne gishirin maganar. Ɗakin laka a daren bazara ba wurin kwana ba ne, domin a lokacin ne yake amayar da zafin da ya haɗiya da rana. Magabata sun san haka, shi ya sa gidansu bai tsaya ga ɗaki ba. Gida shi ne ɗaki da tsakar gida da rumfa da zaure da bisa soro da itacen da ke tsakiya, kuma mutanen gida suna ƙaura a cikinsa yadda makiyayi ke bin ciyawa: da hantsi a rumfa, da azahar a ɗaki ko zaure, da la'asar a inuwar katangar yamma, da dare a tsakar gida ƙarƙashin taurari. Idan sanyin Janairu ya zo sai lissafi ya juya, zafin da bango ke saki da dare ya zama bargo. Wanda ya ɗauki ɗakin laka shi kaɗai ya dasa a fili ba tsakar gida ba itace, bai ɗauko hikimar ba, ya ɗauko rabinta.

Harshe ma ya adana wannan sani. Bahaushe yana gaisuwa da "sannu da rana" kamar yadda ake yi wa wanda ya sha wahala jaje. Mai saurin fushi zafin rai gare shi, wanda aka faranta wa kuwa ransa ya yi sanyi. Maraya yana girma a inuwar kawunsa, mutane biyu da ba su jituwa an ce ba su shan inuwa ɗaya, har ma ana kiran mutum da suna Inuwa. A littattafan Faransanci da yara ke karantawa a makaranta lamarin a juye yake: can gida mai kyau shi ne wanda rana ke shiga, mai manyan tagogi suna kallon kudu, kuma wanda ya yi nasara a rayuwa shi ne wanda ya sami wuri a rana. Ba laifinsu ba ne. A ƙasarsu rana baƙuwa ce mai gajeren zama, dole a buɗe mata ƙofa. Kuskuren yana wurin wanda ya kwafo zanen gidan da aka yi domin tarbar baƙuwa, ya gina shi inda ita ce mai gari.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, hukumar mulkin mallaka ta tayar da sabon gari bisa tudu, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi suna gicciye da juna kamar gidan dara. An tsira daga ruwa, kuma mota ta sami hanya. Amma titi mai faɗi ba ya yi wa kowa inuwa sai an dasa masa itatuwa, kuma filin da aka yanka da ma'auni a kan takarda ba ruwansa da inda rana ke faɗuwa. Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, da wannan tsari ta girma, sauran garuruwa suka bi sahu. Tare da tsarin kuma aka gaji wani harshe na ma'aikata wanda ya raba kayan gini gida biyu: siminti da ƙarfe su ne na dindindin, laka kuwa ta wucin gadi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda asalinta ke komawa ƙarni na 16 kuma ta shiga jerin kayan tarihin duniya tare da tsohon garin a 2013, a wannan harshe ginin wucin gadi ce. Kalma tana da ƙarfi. Da aka daɗe ana faɗa, sai laka ta zama alamar wanda bai samu ba tukuna, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya samu kuwa abin da zai fara yi shi ne rushe soron mahaifinsa ya zuba bulo.

Duk da haka zalunci ne a ce wanda ya koma kwano da siminti kwaikwayo kawai yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin laka yana son yaɓe kusan kowace shekara, a da kuwa dangi da maƙwabta ne ke taruwa a yi shi da gayya. Yau sai an biya lebura, an sayi ƙasa da ruwa a kura. Azara ta yi tsada domin giginya ta yi ƙaranci, gara kuma ba ta hutu. Makuba da laso da ke kare bango daga ruwa, masu iya haɗa su sun ragu. Fiye da duka akwai tsoron damina. Ruwan shekarun nan yana zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, kuma a ambaliyar 2020 da ta 2024 gidajen laka ne suka fi faɗuwa, wasu a kan masu su. A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, mutanen gari suna kallo. Magidancin da ya ga haka ya ce shi dai kwano zai sa don ya yi barci da ido biyu rufe idan hadari ya taso, ba wanda zai ce masa bai yi tunani ba. Ya auna zafin wata uku da tsoron wata uku, ya zaɓi wanda zai iya ɗauka. Wannan zaɓinsa ne a kan kansa.

Ko da yake, a kan kansa shi kaɗai? Da ƙarfe biyu na rana maigida yana kasuwa ƙarƙashin rumfa, ko a ma'aikata, ko a gindin dogon yaro a ƙofar masallaci. Samari suna fada suna dafa shayi inda iska ke kaɗawa. Waɗanda ke cikin gida su ne matan aure, musamman inda ake tsare kulle, da jarirai, da tsofaffi, da mai jinya wanda ba ya iya tashi. Su ne kuma ba a tambaya ranar da ake shata harsashi. Mace ce ta san wane ɓangaren tsakar gida ke da inuwa lokacin ɗora tukunyar rana, ita ta san ɗakin da yaro ke kasa barci a ciki, amma ba a cika jin an kira ta ta tsaya tare da magini ba. Malaman makaranta sun san ƙanin wannan lamari: ajin da aka rufa da kwano ba silin, wanda tagoginsa ke kallon yamma, darasin la'asar a cikinsa a watan Mayu sunansa kawai darasi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gidan haya. Mai kuɗi ya sayi fili a bakin gari, ya kira magini. Magini ya duba ya ce, "Alhaji, in aka jera su ta nan duk ƙofofin yamma za su kalla, ga shi ba a bar wurin itace ba." Alhaji ya ce, "Malam, ɗaki nawa za su fita ta nan, nawa ta can?" Ta nan takwas, ta can shida da ɗan fili a tsakiya. An gama magana. Bulo mafi siranta, kwano mafi arha, rufi ƙasa-ƙasa don a rage layi biyu na bulo, taga ɗaya a ɓangaren ƙofa ta yadda iska ba ta da mafita, tsakar gida kuma a shafe ta da siminti don kada a yi caɓi. Alhaji bai yi wa kowa ƙarya ba, bai karya dokar kowa ba, wataƙila ma mutum ne mai zakka da sadaka. Abin da ya rage a kuɗin gini sau ɗaya ya rage shi. Waɗanda za su biya cikon suna biya kowace bazara har tsawon rayuwar ginin, da rashin barci, da kuɗin fanka da ƙanƙara, da ƙurajen zafi a jikin yara, da hawan jinin tsoho. Bashi ne aka ci da sunan mutanen da ba a san su ba tukuna, wasunsu ma ba a haife su ba. Shi kuwa mai ginin yana can wata unguwa, a gidan da ke da itatuwa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Za a ce ai ba a tilasta wa kowa ya kama hayar ba. Wannan hujja tana da ƙarfi inda akwai zaɓi. A garin da mutane ke ƙaruwa fiye da ɗakuna, inda sabon malamin da aka turo daga wata jaha ke da mako ɗaya ya sami wurin ajiye iyalinsa, yardar ɗan haya irin yardar mai ƙishirwa ce da aka miƙa wa ruwan gulbi.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Damagaram da Tasawa da Madawa, ba su ɗauki gini a matsayin abin da ya shafi mai shi kaɗai ba. Risala ta hana mutum ya buɗe tagar da zai riƙa leƙen maƙwabcinsa ta ciki. An yi magana a kan hayaƙin gidan wanka da na tanderu, da warin majema, da ruwan da ke zuba daga rufin wani zuwa gidan wani. A Tunis ta ƙarni na 14 wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. Abin lura shi ne, a Muhtasar na Halil ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai zai tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska ba, sai a wuri ɗaya: masussuka, inda manomi ke bukatar iska don sheƙe hatsinsa. Togiyar ta fi hukuncin ban sha'awa. Ta nuna cewa inda iska ta zama abin da rayuwar mutum ta rataya a kai, tare ta cuta ce. Fatawa ta malamai ce, amma mai karatu yana da damar ya yi tambaya: a garin da daren bazara ke kai tsoho asibiti, iskar da ke shiga tagar talaka ba ta kai matsayin iskar masussuka ba?

Haka kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kira kilim. Ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ciki ta zubar a waje, har da ƙarin nata na aikin inji. Wanda ya kafa ta a bangon da ke kallon lungu ko tsakar gidan maƙwabci ya yi indararo ne, sai dai abin da ke zuba ba ruwa ba ne. Da ruwa ne da tuni an kai ƙara wurin mai unguwa.

Na'urar tana da wani sharaɗi kuma: sai da wuta. Tana cin abin da fanka 15 ko fiye za su ci, a ƙasar da kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki. Shekara da shekaru kafin 2023, mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa, wajen kashi 70 cikin 100, daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da layin Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram. A farkon Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke ta a cikin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a maido ba sai cikin 2024. Ba siyasar lamarin ake nufi a nan ba. Abin da watannin nan suka nuna shi ne wane gida ne ke iya tsayawa da ƙafarsa. Manyan gidaje masu faffaɗan gilashi, waɗanda aka zana bisa zaton kuran ba zai taɓa ɗaukewa ba, sun zama tanderu cikin sa'a guda, masu su suka koma neman man janareta. Tsohon soro mai zaure da itacen tsakar gida bai san an yi wani abu ba. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta alkawari ne da mai shi ya ɗauka a madadin wasu, waɗanda ke riƙe da makunnin a wata ƙasa. An kuma yi sa'a yankewar ta faro da damina. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, wani zafi ya rufe Sahel har garin Kayes na Mali ya kai 48.5, kuma masana yanayi da suka bincika sun danganta tsananinsa da ɗumamar duniya. Ginin da ake ɗorawa yau zai ga bazarar da ta fi wadda aka gina shi a cikinta.

Ranar da ke gasa rufi ita ce kuma arzikin da aka fi yawa da shi, kuma ɗan ƙasar nan ne ya riga mutane da yawa faɗar haka. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya shugabanci ma'aikatar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da hasken rana tun duniya ba ta damu da zancen ba. Yau akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023, ga faifan sola a kan rufin shaguna da gidaje. Alheri ne. Sai dai faifan da zai ishi gidan da aka gina da hankali, ya juya fanka ya kunna fitila ya sanyaya ruwa, ba zai ishi gidan da aka gina da ganganci ba. Bango da rufi su ne farkon lissafin wuta, tun kafin a sayi waya.

Ba kuma dole ne a zaɓa tsakanin soron kaka da akwatin siminti ba, domin an gwada hanyoyi a cikin ƙasar nan, kuma suna tsaye ana ganinsu. A Yama, cikin jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da laka a 1962, aka yi ta faɗaɗa shi har 1982, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Manomi ne kuma magini, bai yi karatun zane a ko'ina ba. A Cikal, wajen Filinge, tun 1980 aka fara koya wa magina ginin da ba itace, inda ake rufa ɗaki da ƙubba ko baka na tubalin ƙasa zalla, dabarar da aka aro daga Nubiya ta bakin kogin Nilu. Wannan ya amsa matsalar azara. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Irin wannan tubali, idan aka ɗora shi bisa harsashi mai ƙarfi aka kare kansa daga ruwa, ba ya neman yaɓen shekara-shekara.

Gwajin da ya fi kusa da zancen birni shi ne na unguwar Niamey 2000 a Yamai, wanda Mariam Issoufou da abokan aikinta suka kammala a 2016: gidaje shida masu hawa biyu, manne da juna, da tubalin ƙasa matsattse, kowanne da ƴar tsakar gidansa da wurin shan iska a sama. Sun koma ga dabarar Birni, wato gidaje su matsu su yi wa juna inuwa, suka kuma hau sama don fili ya isa. Gida shida a birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya ɗigo ne, kuma ba talaka aka gina wa su ba. Amfaninsu shi ne sun cire wa ƙasa kunya. Ma'aikacin da ya ga ɗan'uwansa mai albashi yana zaune a gidan ƙasa da zaɓinsa, ya rage jin cewa laka shaidar rashi ce.

Mafi yawan abin da ke raba ɗaki mai zaunuwa da tanderu ma bai kai nan tsada ba. Juya ginin ba ya cin ko dala. Taga biyu masu kallon juna, rufi mai ɗan tsawo da silin ko da na tabarma ne da ƴar kafa da zafi zai fita, farar ƙasa ko farin fenti a bisa kwano, rumfar zana a bangon yamma, dogon yaro guda da aka bari ya girma: duk wannan bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe mai ado da ake sawa a waje don masu wucewa ba. Wani nauyin kuma na ma'aikatar magajin gari ne, domin ranar da aka yanka filaye aka ja tituna, an riga an yanke wa ɗaruruwan gidaje inda za su fuskanta. Yamai ta taɓa kewaye kanta da ɗamarar itatuwa da aka fara dasawa a 1965, fiye da hekta 2000, yawancinsu dogon yaro. Gine-gine da rabon filaye sun cinye babban sashe nata, kowane mai fili yana ganin itacensa guda ba zai rage kome ba.

Ɗan haya shi ma yana da abin da ya saba tambaya idan aka kai shi ganin ɗaki: akwai famfo, mita ɗaya ce ko kowa da tasa, mutum nawa ke bin makewayi, wata nawa za a biya gaba. Da wuya a ji ya tsaya a ƙofa ya tambayi ina gabas, ko ya ɗaga kai ya auna tsakanin kansa da kwano, ko ya zagaya ya dafa bangon baya. Dillalai kuwa sun fi son kai mai neman ɗaki da sassafe.